Kwalin Farko

A masana'antar Alhaji Maccido da ke bayan tashar mota a Gummi, in kana neman faɗa da Ummukulsum ba sai ka zage ta ba. Ka dai ɗauki kwali ka nufi ƙofa da shi babu sitika a jikinsa, ka ga ikon Allah. Za ta baro kujerarta ta biyo ka har gindin mota, hijabi na sharar ƙasa, kuma ba za ta koma ba sai ka sauke. Masu dako sun laƙaba mata Kwastan, ita kuwa ko a jikinta.

Kada sunan masana'anta ya ruɗe ka, wurin ba wani babba ba ne. Injin niƙa ne, da rumfar da mata ke suyar gero da waken suya da gyaɗa, da ɗakin da ake ɗura garin a leda a liƙe baki, sai sito. Garin kunun yara ake yi. Ledojin duk kamarsu ɗaya, hoton wani jariri ne mai kumatu yana dariya, ba yadda za a yi ka bambance ta yau da ta watan jiya. Shaidar tana jikin kwali. Duk abin da aka soya aka niƙa a rana ɗaya ana ce masa zubi, kuma manhajar da ke cikin kwamfutar Ummu kan ba kowane zubi lambarsa, ta ba kowane kwali tasa. Sai 'yar firintar da ke gefe ta turo farar sitika ɗauke da ranar zubi da wasu baƙaƙen layuka kamar haƙoran matsefi. Ummu ta ɓare, ta manna, ta bi da babban yatsa ta danne. Ranar da kwali zai fita kuma ta haska shi da sikana, wata aba mai kama da bindigar wasan yara, kwamfuta ta riƙe sunan shagon da ya tafi.

Kwali ɗaya ne ya fi ƙarfinta. Alhaji Maccido ya gaji wata ɗabi'a daga mahaifinsa manomi, wanda bai taɓa sa damin farko a rumbu ba, na Allah ne. Saboda haka duk ranar zubi, kwalin da aka fara cikawa Alhaji kan zo da kansa ya ɗauka tun kafin a jera sauran a gaban teburin Ummu, ya ɗaure a bayan babur ya kai zauren Malam Mu'awiya, malamin unguwarsu. Shi kuma Malam ya san gidan da zai tura. Farkon zuwanta ta taɓa bin Alhaji da sitika a hannu. Ya dube ta yana murmushi ya ce, "Abin da anka ba Allah ba a rubuta shi, Ummu. Ki bar wanga." Ta bari. Da tafiya ta yi nisa ma ta daina ganin kwalin, yadda mai gida kusa da injin niƙa ke daina jin ƙararsa.

Masu dako na ganin tsabar iyayi ne ke damunta, don ba su san daga inda ta fito ba. Ummu 'yar Tungar Guru ce. Shekarar da gubar dalma ta shiga gidajen garin ta hanyar dutsen zinariya da ake dakawa a tsakar gida, tana da ɗa namiji, Bilyaminu, bai daɗe da fara tafiya ba. Ya fara da ƙin abinci, sai amai, sai suma da fisge-fisge. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, kowa na cewa iska ce. Kafin likitoci su gano cewa ƙurar da yara ke wasa a ciki ce, an riga an kai shi makwanci. Abin da ya tsaya mata a rai har yau shi ne ba wanda ya iya nuna mata ya ce ga turmin, ga buhun, ga ranar. Bayan nan ta tattaro mahaifiyarta suka dawo Gummi. Mijinta Sani ya ci gaba da bin ramukan haƙa, sai ya ga dama yake leƙowa, a wata leƙowar ce aka samu Zainab. Ita kuwa ta koyi kwamfuta a wani shago, ta samu aikin nan, ta riƙe shi da hannu bibbiyu.

Ranar da abin ya faru damina ta yi tsakiya, gari ya waye da yayyafi. Ta bar Zainab a cinyar Inna, mahaifiyarta, tana zuƙar kunu. Ita ce ma ta fifita mata shi da ludayi don ya huce, tana tsokanar Inna wai kwanan nan hannunta ya yi albarka, yarinya har kumatu ta fara ajiyewa. Inna ta ce, "Ke dai tahi aikinki." Inna ba ta kiran sunanta, don 'yar fari ce. "Ke" ne sunanta a gidan tun tana goye.

Ko gama kunna kwamfuta ba ta yi ba Alhaji ya faɗo sito da waya a hannu, hula a karkace. Daga kowane zubi akan ɗebi kaɗan a aika Gusau a gwada, domin wata ƙungiya mai ciyar da yara da ke sayen kayansu ce ta gindaya wannan sharaɗi. Shekara da shekaru amsar ɗaya ce, lafiya lau, har aikawar ta zama kamar gaisuwa. Kayan ƙungiya ne kawai ke jiran amsa, na 'yan kasuwa kuwa da layi ya zo kansu sai su fita.

"Ummu," ya ce, "zubin Talatar makon jiya. Sun ce akwai dalma ciki."

Ummu ta dafa teburi ta miƙe tsaye.

Ba a sha wahalar gano mafarin ba. Buhunan da geron zubin ya zo a ciki suna nan jibge a bayan rumfa, don a ƙasar nan ba a yar da buhu mai kyau. Amariya, shugabar masu suya, ta ɗauki ɗaya ta kakkaɓe a kan tabarma, sai ga wata ƙura ja-ja mai nauyi tana zubowa daga ɗinkin gindi, da 'yan tsakuwoyi masu ƙyalli. Ashe dillalin da ya kawo geron tsofaffin buhuna ya samu, waɗanda suka yi dakon dutsen zinariya, ya juya cikinsu waje ya karkaɗe, a ganinsa ya gama tsafta. Ummu ba ta matsa kusa ba. Ta san ƙurar nan tun daga nesa, ta share irinta da tsintsiya a ƙofar ɗakinta.

Ta koma gaban kwamfuta, ta buga lambar zubin. Kwalayen suka jeru a allo, kowanne da inda yake. Mafi yawa suna nan cikin sito, saboda tsohon kaya ake fara fitarwa. Sauran jiya jiyan nan suka fita, wasu suna kasuwar Gummi, wasu Bukkuyum, wasu Anka. Layukan na sito ta bar su kore, na waje duka ta mayar da su ja, wanda ya dawo aka haska shi ne kawai zai koma kore.

Alhaji ya shiga kiran waya. Ta mai shagon Bukkuyum a kashe, ta na Anka tana ta ringi ba a ɗauka. Ya share zufa da gefen babbar riga, ga shi ana yayyafi.

"Tasi'u shi tahi da mota shi kwaso su," ya ce.

"Tasi'u bai san zubi ba, Alhaji. Shi kwali duka kwali na. Da ni za a tahi."

"To amma a yi abin cikin sirri, Ummu. Sunan wurin ga..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta naɗe kwamfutar a leda, dama tafi-da-gidanka ce, ta cusa sikana a jaka, ta riga direba shiga mota.

Tasi'u direba mutum ne da ba ya iya tuƙi baki rufe. In babu fasinja da sitiyari yake hira. Ran nan ya gwada sau ɗaya, ya ce, "Kwastan, yau kam kin samu babban kamu," ya ga fuskarta, ya haɗiye sauran.

A kasuwar Gummi suka iske Ɗanmusa yana buɗe shago. Kwalayen suna nan a liƙe yadda aka sauke su, amma Ɗanmusa irin mutanen nan ne da ba a karɓar abu a hannunsu sai an yi musu bayani tun daga kakan kaka. Mi ya sa? Wa ya ce? Jiya lafiya, yau ba lafiya? Tasi'u ya fara kame-kame yana cewa kuskuren awo ne aka yi. Ummu ta katse shi.

"Dalma ta ciki, Malam Ɗanmusa. Wadda ta kashe ɗiyan Tungar Guru da na Duza. In kana so ka sai da ma wani uba, riƙe."

Maƙwabtan shago suka miƙo wuya. Sirrin Alhaji ya tafi ke nan tun ba a bar gari ba. Ɗanmusa da kansa ya ɗauko kwalayen, yana riƙe su nesa da ƙirjinsa kamar za su cije shi. Ta haska ɗaya bayan ɗaya, sikana na yin tsit tsit, layuka na komawa kore.

Hanyar Bukkuyum ranar ba hanya ba ce, kunu ce. Ruwan kwana ya cika kwalbatoci, fadamu sun yi shar da shinkafa har iyakar gani, motar na tafiya tana rangaji. Ummu ta kasa zama daidai. Ta buɗe kwamfuta ta dubi jajayen layukan, ta rufe, ta sake buɗewa, sai ka ce za su ragu don an harare su. Duk matar da suka wuce da goyo sai ta waiwaya ta bi ta da kallo. Garken shanu ya tare hanya, makiyayin na tafe a hankali sandarsa a wuya, ita kuwa kamar ta fita ta ture shanun da hannu. Ta ce wa Tasi'u ya yi ham. Ya ce shanu ba su san ham ba. Ta ce ya taka. Ya ce in ya taka za su kwana cikin laka. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji haushinsa.

Makau mai kemis a Bukkuyum yana zaune yana cin dafaffiyar gyaɗa, wayarsa na can wurin masu caji tun safe. Idon Ummu bai sauka ko'ina ba sai kan kwalin da ke kan kanta. An yanka bakinsa.

"Ka sai da?"

"Guda ɗai, da sahen ga. Wata mai nono ta saya ma ɗanta."

"Ina take?"

"Ina za ni sani? Wataƙila tana gindin tsamiya wajen masallaci, can suka zama. Wataƙila kuma ta wuce ruga."

Ba ta san lokacin da ta fita ba. Silifas ɗinta ɗaya ya maƙale a laka, ta bar shi. A gindin tsamiya matan Fulani sun jera ƙore, kusan kowace da goyo. Ta bi su tana nuna hoton jaririn nan mai kumatu a wata ledar da ta fisgo daga shago, tana haki, har suka fara ja da baya suna zaton ba ta da lafiya. Can ƙarshen layi wata doguwa ta ɗaga faifan ƙwaryarta a hankali. Ga ledar a ƙarƙashi, bakinta a liƙe, tana jiran a koma gida da yamma. Yaron da ke bayanta ya leƙo ta gefen kafaɗa yana tsotsar yatsa. Ummu ta durƙusa a nan cikin laka ta riƙe ledar da hannu biyu. Da ƙyar ta iya yi wa matar bayani. Makau ya biyo su da wata ta tsohon zubi ya musanya mata, da silifas ɗin Ummu a ɗaya hannun.

Sun isa Anka rana ta karkata. Shagon Ɗantani a rufe da kwaɗo, an ce ya tafi gona. Aka tura a kira shi. Tasi'u ya samu benci ya miƙe ƙafa, Ummu kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta je bakin titi, ta dawo, ta leƙa ta ramin ƙofa ba ta ga komai ba sai duhu. Daga inda take ana hango katangar asibitin da ake kula da yaran da dalma ta kama, ga mata zaune a inuwa da yara a cinya. Ta san irin zaman nan. Ta juya wa wurin baya, amma bayanta ya ƙi mantawa da shi.

Ɗantani ya iso da fartanya a kafaɗa, ya buɗe. Kwalayen na ƙarƙashin tamfol, ko taɓa su bai yi ba. Ta haska na ƙarshe, sikana ta yi tsit, ta dubi allo. Kore daga sama har ƙasa. Ta sake dubawa, ta bi kowane layi da yatsa. Sai a lokacin ta tuna ba ta sa komai a baki ba tun safe, ba ta kuma yi azahar ba. Ta roƙi buta a gidan da ke kusa, ta yi salla, ta yi kuka kaɗan a sujada, na jin daɗi. Wannan karon an san buhun, an san ranar, an san inda kowane kwali ya kwana, kuma da hannunta aka sani. A hanyar dawowa har dariya ta yi wa wani shaƙiyancin Tasi'u, shi kuwa ya samu ƙofa, bai sake yin shiru ba har Gummi.

Rana ta yi ja sa'ad da suka shiga harabar masana'anta. Ba wanda ya tashi aiki, duk suna tsaye suna jira. Ummu ta juya wa Alhaji allon ya gani da idonsa. Ya tuɓe hula ya shafa kai, ya mayar, ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi. Allah ya ruhwa muna asiri. Ummu, Allah shi yi miki albarka. Gobe in Allah ya so sai in hid da sadaka, a yi muna..."

Ba ta ji sauran ba. Kalmar sadaka ta shige ta kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ta dubi allon, koren nan da ta wuni tana nema, ta gane abin da yake faɗa mata. Duk kwalin da ta manna wa sitika ya dawo. Bai ce komai ba a kan wanda ba ta manna wa ba.

"Alhaji," ta ce a hankali. "Kwalin hwarko."

Hannayensa suka sauko. Shi ma ya tuna. Ranar Talatar ya ɗaure shi a babur da kansa, tun garin na da ɗumi. Sauran kwalayen kwana ɗaya suka yi a waje. Wannan ya fi mako.

Tasi'u ya sake tayar da mota ba tare da an ce masa ba. A zauren Malam Mu'awiya wasu dattawa na zaune da littattafai a buɗe, ana ɗaukar karatun yamma. Alhaji ya shiga ya durƙusa ya yi bayani ƙasa-ƙasa. Ummu ta tsuguna daga bakin ƙofa. Malam tsoho ne siriri, mai jinkirin magana, irin jinkirin da a wata rana kan sa mutum natsuwa, yau kuwa kamar ana jan ranta da igiya. Ya saurara har ƙarshe, ya rufe littafin da ke gabansa.

"Maccido, tun zamanin mahaihinka ban taɓa hwaɗin gidan da sadaka tat tahi ba. Ko kai ban hwaɗa ma ba. Wanda anka ba yana da mutuncinai."

"Allah gafarta Malam," Ummu ta ce daga ƙofa, ba ta jira an ba ta izini ba, "akwai yaro a gidan? In akwai, wallahi kowane kofi da za shi sha yana cin ƙwaƙwalwatai. Na gani da idona. Na binne nawa. Ku hwaɗa mini ni kaɗai, ba mai ji."

Malam ya dube ta, fuskarsa ta canza. Ya ɗaga hannu ya sallami dattawan. Ya ce wa Alhaji shi ma ya ɗan ba su wuri. Da zauren ya zama ba kowa ya ce ta matso. Ta matso.

"Ɗiyata," ya ce, "na ga mijinki bai zaka ba tun kahin ruwa shi sauka, na ga tsohuwa da jika. Ban nuhi komi ba sai alheri." Ya sunkuyar da kai. "Ki tahi gida ki tambayi Innarki."

Ba ta bi ta kan mota ba. Tasi'u na kira, Alhaji na kira, ta yanki lungu da gudu, jakar sikana na dukan ƙugunta. Ladan ya fara kiran magariba lokacin da ta tura ƙyauren gida.

Zainab na zaune a tabarma tana wasa da murfin kwano, busasshen kunu a gefen bakinta. Tana ganin uwarta ta miƙo hannu tana dariya. Inna na gaban murhu, ta ɗora ruwa ya tafasa, ga kwanon dami a gefe, tana shirin sheƙawa. Ummu ta fisgi kwanon ta kife shi a ƙasa.

"Ke! Lahiya?"

Ummu ta wuce ta. Ta shiga ɗakin Inna, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ture kwandon tsummoki. Ga shi nan can ƙurya, an lulluɓe shi da tsohon zane. Ta jawo shi zuwa hasken ƙofa. Kwalinsu ne, irin wanda take dannawa da yatsa kullum, sai dai gefen da sitika ke zama fayau yake, ko tabo babu. Ta buɗe. Ledoji sun yi ƙasa sosai.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zane. Tun ba a tambaye ta ba ta fara bayani. Malam ne ya aiko da shi da yamma, Ummu na wurin aiki. Ta san halin ɗiyarta, ta sha jin ta tana cewa ita ma'aikaciya ce, ba za ta ci sadakar gidan da take aiki ba ko da za ta kwana da yunwa. Shi ya sa take juye garin a robarta ta gero, ta ƙone ledar a murhu kafin Ummu ta dawo. Yarinyar kuwa ta so shi, safe da yamma take sha, har kuka take a ƙara mata.

"Abin Malam na, mai albarka. Ke da kanki kin ce ta yi kumatu. Mi na yi?"

Ummu ta so ta yi ihu. Wa za ta yi wa? Tsohuwar da ta ɓoye abinci don ta ciyar da jikarta ba tare da ta kunyata 'yarta ba? Malam da ya rufa musu asiri? Alhaji da ya ba Allah na farko? Duk wanda ya taɓa kwalin nan alheri ya nufa. Har da ita, da ta tsaya da safe tana fifita kunun da ludayi don kada ya ƙona bakin yarinya. Baƙin ciki ya cika ta.

"Dalma ta ciki, Inna," ta ce. "Irin ta Bilyaminu."

Inna ta sulale ta zauna a dokin ƙofa. Ta dubi Zainab, ta dubi kunun da ke malale a ƙasa, kaji har sun fara zuwa. Sannan ta ce, "Ummukulsum." Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan daga bakin nan ba. Ta so a ce ba yau ta ji shi ba.

Ta ɗauki Zainab ta rungume. Ta duba idanunta, ta duba dasashinta, ta ce ta kama yatsanta ta matse, yarinyar na ƙyalƙyala dariya tana zaton wasa ne. Babu zazzaɓi, babu amai. Amma Ummu ta san Bilyaminu ma yana dariya har makon da ya fara suma.

Washegari da sassafe Tasi'u ya tsaya a ƙofar gida, Alhaji ne ya turo shi. Kwalin na bayan mota an ɗaure shi a buhun leda. Suka sake kama hanyar jiya, fadamun nan, kwalbatocin nan, Zainab na tsaye a cinyar uwarta tana nuna shanu. Tasi'u bai ce uffan ba har Anka. Ya tsaya a gindin katangar da Ummu ta juya wa baya jiya, ta sauko ta shiga layin matan da ke inuwa.

Da layi ya zo kansu, ma'aikaciyar jinya ta tambayi suna da gari da abin da yarinya ta ci. Ummu ta faɗa mata ranar zubi, da irin buhun, da ranar da kwalin ya shiga gida, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matar ta ɗago ta dube ta, ta ce da duk iyaye na zuwa da bayani haka da aikinsu ya yi sauƙi, an zo da wuri, in ma an samu dalmar a jininta akwai magani. Aka ɗaure hannun Zainab, allura ta shiga, ta tsala ihu. Jini ya hau cikin 'yar kwalba. Ma'aikaciyar ta ɓaro wata 'yar farar sitika mai baƙaƙen layuka, da sunan Zainab Sani a ƙasa, ta manna wa kwalbar a gurguje ta nufi tire da ita, gefe ɗaya ya ɗago.

"Dakata," Ummu ta ce.

Ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar. Da ɗumi a jikinta. Ta karanta sunan, ta daidaita gefen da ya ɗago, ta bi da babban yatsa ta danne, ta sake dannewa. Ma'aikaciyar na tsaye da tire tana jira, Ummu kuwa ta kasa sakin kwalbar.